Hunturun sanɗa: kundin komawata kan wasannin Metal Gear Solid

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024, Birnin Kebbi

Aikin da na ɗora wa kaina a hunturun bana shi ne in sake buga wasannin bidiyo na sanɗa na Metal Gear Solid da na fi so, ɗaya bayan ɗaya, in riƙa rubuta abin da na gani tun da ɗuminsa. Tsohon musu ne ya jawo haka. A gidan gem na unguwarmu, Badariya, ƙwallo kowa yake bugawa, mu 'yan tsiraru ne muke jiran a ragu mu sa faifan Snake, jarumin wasan. Har yau in muka haɗu a majalisa sai zancen ya tashi: wannan ya ce na farkon ne sarki, wancan ya ce Snake Eater, yaran baya-bayan nan su ce duk a kauce wa Phantom Pain. Amma kowa da abin da ya rage masa a ka na shekaru da yawa yake musun. Ina so in gani da idona na yau, wanne ne a cikinsu ya fi sa mutum ya ji shi kaɗai ne a gidan abokan gaba, ba shi da wani makami da ya wuce haƙuri.

Sharuɗɗa biyu na gindaya. Ba zan kashe mai gadi ba muddin wasan ya bar mini wata hanya. In kuma aka gan ni, ba zan kashe na'ura in koma inda na yi sebin ba, zan gudu in ɓuya, in ɗauki abin da ya biyo baya.

Siririyar na'urar PlayStation 2 (PS2) ɗina tana karanta faifan PS1, saboda haka ita kaɗai za ta ɗauki wasanni ukun farko. Abu ɗaya ne ya tsayar da ni: wasan PS1 ba ya yin sebin a memorin PS2, sai nasa na asali. Wani abokina da ke kasuwanci a Jega ya samo mini, jiya direba ya kawo.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Metal Gear Solid na 1998, wanda Hideo Kojima ya jagoranta a kamfanin Konami. Labarin a 2005 yake faruwa, a tsibirin Shadow Moses da ke Alaska, inda aka tura Solid Snake ya kutsa wani sansanin ajiye makaman nukiliya da 'yan tawaye suka ƙwace.

Ɗakuna biyun farko makaranta ce sukutum. A mashigar jirgin ruwa akwai 'yan kududdufai a ƙasa, in ka taka da gudu mai gadi ya ji, alamar tambaya ta fito a kansa, ya taho dubawa. Da ka hau sama filin saukar helikwafta kuma dusar ƙanƙara ce, sawunka na zama a kanta, mai gadi ya bi shi har inda ka laɓe. Babu wanda ya tsaya yi maka dogon bayani a kan wannan, sau ɗaya za a kama ka ka gane. Na daɗe a filin nan ina ƙwanƙwasa bango, mai gadi ya nufo inda ya ji ƙara, ni kuma in zagaya ta ɗaya gefen.

Sai dai na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba ina yaro. Idona ba ya kan Snake, yana kan 'yar taswirar rada da ke kusurwar allo ta sama. Can ne ake nuna kowane mai gadi a matsayin ɗigo, da iyakar inda ganinsa ya tsaya. Ganin nasu kuwa gajere ne ƙwarai, kana tsaye a fili a gabansa, muddin ba ka shiga inuwar nan da aka zana ba, babu kai a duniyarsa. Wasan lissafi ne, kuma lissafin mai daɗi ne, amma da ɗigo nake wasa, ba da mutum ba.

Ɗan yayata, wanda bai wuce aji uku na sakandare ba, ya zauna yana kallo. Da ya ga na shige kwali na yi shiru mai gadi na wucewa, sai ya ce, "Kawu, mi kaka jira? Ga shi nan ya ba ka baya, halbe shi mana!" Na ce masa ya bari ya ga abin da zai faru in ba a harba ba. Bai gamsu ba, amma bai tashi ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na gama na farkon. Da aka zo wurin da ake cewa ka duba bayan kwalin faifai ka samu lambar kiran Meryl, sojar da ke taimakon Snake, hannuna da kansa ya danna 140.15. Mu da muka fara buga wasan nan da faifai tsirara, ba kwali ba takarda, a bakin juna muka samu lambar, kuma wanda ya san ta a gidan gem a lokacin babban mutum ne. Psycho Mantis, ɗan tawaye mai karanta tunani, shi ma har yanzu yana aiki: sai da na zare wayar hannun gem daga rami na ɗaya na mayar na biyu kafin ya daina karanta motsina. Yaron ya miƙe tsaye don mamaki.

Amma rabin wasan na biyu ya saki sanɗa. Faɗa ne bayan faɗa, ga komawa baya mai gajiyarwa: a koma neman bindigar hangen nesa saboda Sniper Wolf, maharbiyar 'yan tawaye, a kai makulli ɗakin sanyi, a kai shi wurin zafi don ya sauya siffa. Sharaɗina na farko ma bai tsira ba, domin babu bindigar sa barci a wannan wasan, kuma akwai wuraren da ake rufe ka da sojoji sai ka harba. Abin da ya riƙe ni har ƙarshe mutanen cikinsa ne. Mutuwar Sniper Wolf a cikin dusar ƙanƙara, Otacon, injiniyan da ke taimakon Snake, na kuka a gefenta, da hotuna masu kaushi irin na wancan zamanin, ta fi finafinai da yawa taɓa zuciya.

Juma'a, 13 ga Disamba

Sons of Liberty, 2001. Hazo ya sauko sosai makon nan, sai da na goge idon na'urar kafin ta karanta faifan.

Sashen jirgin dakon mai, wanda ke ratsa kogin Hudson na New York cikin ruwan sama, bai fi a gama shi a zama ɗaya ba, amma a nan masu gadi suka zama mutane. Yanzu akwai bindigar M9 mai sa barci, kuma kana iya saitawa da idon Snake kai tsaye. Mai gadi yana kiran hedikwata ta rediyo lokaci-lokaci ya ce lafiya lau. In ka kwantar da shi aka kira aka ji shiru, za a turo wasu su duba. Ke nan kwantar da mutum ba ƙarshen matsala ba ne, mafarinta ne: ka ja shi, ka nemi kabad ka cusa shi, ka tuna cewa jiƙaƙƙen sawunka na nan a daɓe. In ka lallaɓo ta bayansa ka ɗora masa bindiga, zai ɗaga hannu, jikinsa na ɓari. In aka gan ka kuwa, runduna ce za ta shigo da garkuwa, su bi ɗaki ɗaki suna buɗe ƙofofi. Na zauna cikin kabad ina leƙen su ta 'yan ramukan ƙofa, bugun zuciyar Snake na girgiza hannun gem ɗin, har suka haƙura suka fita. Babu abin da ya kai wannan a wasan farko.

Daga nan aka karɓe Snake aka ba mu sabon jarumi, Raiden, a Big Shell, wani gini a tsakiyar ruwa. Na tuna yadda ranmu ya ɓaci a lokacin. Yau bai dame ni ba, abin da ya dame ni shi ne wurin kansa: ginshiƙai masu kama da juna, gadoji masu kama da juna, duk launi ɗaya, kana zagaye kana neman bama-baman da ɗan ta'adda Fatman ya dasa kana daskarar da su. Sanɗar tana da kyau, gidan da aka zuba ta ne ba shi da rai.

Ƙarshensa kuwa ya girma tare da mu. Dogon jawabin nan da na'urar Patriots, ƙungiyar asirin da ke juya Amurka a labarin, ke yi wa Raiden, cewa zamani na zuwa da surutu zai cika intanet, kowa ya maƙale a cikin 'yan uwan ra'ayinsa, gaskiya ta nutse a cikin tarkace, muna yara danne shi muke yi ya wuce. Yanzu da nake ganin yadda saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke tayar da hankalin gari guda kafin a gano tsohon labari ne na wata jiha, na saurare shi har ƙarshe. A 2001 aka rubuta wannan, kafin a kafa Facebook.

Asabar, 28 ga Disamba

Snake Eater, 2004. Ina buga bugun Subsistence, wanda ya zo daga baya da kyamarar da kake juyawa da kanka. Labarin ya koma Agustan 1964, a dajin Tarayyar Sobiyet, shekara biyu bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba. Naked Snake, wanda zai zama Big Boss, mahaifin Solid Snake, an turo shi ya fito da masanin kimiyya Sokolov, sai malamarsa The Boss ta sauya sheƙa a gabansa.

Abu na farko: babu rada. Zamanin bai kai ba. Akwai 'yan na'urori masu cin batir, amma babu mai zana maka iyakar ganin mai gadi. Abin da ke kusurwar allo yanzu lamba ce ta kashi cikin ɗari, mai nuna yadda ka saje da inda kake. Ka sa kakin ganye, ka shafa fenti a fuska, ka kwanta cikin ciyawa, lambar ta haura 80 ko 90, soja ya wuce dab da kanka bai gan ka ba. Ka miƙe ka ruga, ta faɗo ƙasa warwas. Wannan sauyin ɗaya ya dawo da idona kan dajin. Na koma kallon inda ciyawa ta fi tsawo, inda inuwar bishiya ta faɗi, ina kasa kunne ga takun takalmi. A wani fili da bai fi a ƙetare shi a daƙiƙa ashirin da gudu ba, na yi jan ciki har shayina ya huce.

Ga kuma yunwa. Snake yana gajiya, cikinsa na ƙugi har mai gadi ya ji, hannunsa na rawa in yana saiti. Dole ka farauci maciji, kwaɗo, kifi, ka tsinki 'ya'yan itace, kuma naman yana ruɓewa in ya daɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne sojojin ma cikin gare su. Na sa nakiya a rumbun abincinsu, bayan ɗan lokaci sai ga su suna tafe suna ƙorafin yunwa, duk abin da ka jefa musu sai su ɗauka su ci. Wasan da ya tuna cewa abokin gaba ma yana jin yunwa, ya san abin da yake yi.

Aibinsa a fili yake: shiga jerin zaɓi ya yi yawa. Sauya kaki, ciro harsashi daga jiki, ɗinke rauni, ƙona matsattsaku da sigari, kowanne sai ka tsayar da wasa. Yana katse numfashin sanɗar.

Wani abu ga mai bugawa a PS2: maɓallin da'ira yana jin nauyin yatsa. Ka danna a hankali, Snake ya riƙe soja ya yi masa tambayoyi. Ka danna da ƙarfi, ya yanka shi. Tsohon hannun gem ɗina ya saki, don haka na ajiye shi na sayi wani kafin in ci gaba. Ran mutum a wasan nan yana rataye ne a kan yadda ka iya riƙe babban yatsanka lokacin da kake cikin tsoro.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

The End, ɗaya daga cikin rundunar Cobra ta The Boss. Tsoho ne da ya haura shekara ɗari, gwanin harbi daga nesa, kuma karawa da shi a Sokrovenno ta mamaye filaye uku na daji. Babu kiɗa, babu ihu. Yana can wani wuri a kwance ya saje da gansakuka, kai ma kana nan a kwance. Akwai hanyoyin kauce masa da kowa ya sani: ka harbe shi tun yana kan keken guragu a mashigar Ponizovje, ko ka yi sebin a tsakiyar faɗan ka bar wasan mako guda, ka dawo ka tarar tsufa ya kashe shi. Ban bi ko ɗaya ba.

Da makirufo mai jiyo sauti daga nesa na riƙa juyawa a hankali har na ji numfashinsa. Wani lokaci ƙyallin gilashin bindigarsa ne ke tona shi in rana ta haska. In ka matsa ya ankara, ya jefa gurneti mai kashe ido ya ruga, sai ka sa tabaran gano ɗumi ka bi sawunsa. Shi ma ba kisa yake yi ba, allurar barci yake harbawa, in ƙarfinka ya ƙare ya saɓe ka ya mayar kurkukun Graniny Gorki. Irin zaman maharban fadama ne, waɗanda ke kwana a bakin ruwa ba motsi, sun san dabba za ta zo, abin da ba su sani ba shi ne yaushe.

Ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta, na jona batirin sola muka ci gaba. Ɗan yayata ne ya fara hango shi. Murya ƙasa-ƙasa, kamar tsohon zai ji mu, ya ce, "Kawu, ga shi can bisa tudu, kada ka miƙe, bi ta bayan iccen nan." Yaron da ke cewa in harba a watan Nuwamba ke nan. Na zagaya da jan ciki har bayansa, na ɗora masa bindiga, ya saki kakinsa na gansakuka. Da allurar barci na ƙarasa shi, aka ba ni bindigarsa Mosin Nagant.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na kammala Snake Eater, kuma wanda bai buga ba ya tsallake wannan ranar.

A kogin The Sorrow, fatalwar rundunar Cobra, duk wanda ka kashe tun farkon wasa yana tasowa ya nufo ka, kowanne da irin mutuwar da ka yi masa: wanda ka yanka wuyansa na rataye, wanda ka ƙona yana ci da wuta. Na tuna ina saurayi na daɗe ina kutsawa cikin gawarwaki a kogin nan. Wannan karon 'yan rundunar Cobra kawai na gani, tafiyar ta ƙare nan da nan. Wasanni da yawa suna ba ka maki a ƙarshe don ba ka yi kisa ba. Wannan kuwa bai ce maka yana ƙirgawa ba, sai da ka manta sannan ya jera maka su a gabanka.

Sannan filin fararen furanni, minti goma kafin jiragen yaƙi su yi ruwan bama-bamai. Bayan ka kayar da The Boss, wasan ya tsaya cak, Snake na tsaye a kanta da bindiga, kuma kai ake jira ka danna da kanka. Na ratsa dajin nan gaba ɗaya ina kiyaye ran sojojin da ban san sunansu ba, sai ga shi wadda aka tilasta mini ita ce wadda ta rene shi, kuma daga baya EVA, 'yar leƙen asirin da ta taimaki Snake, ta bayyana cewa matar ba ta taɓa cin amanar ƙasarta ba, umarni ta bi har kabari. Na daɗe riƙe da hannun gem ɗin kafin in danna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na tsallake na huɗu, Guns of the Patriots na 2008, domin a lokacin a PS3 kaɗai yake kuma ba ni da ita. Wani maƙwabcina ya ara mini PS4, na shiga Ground Zeroes na 2014 da The Phantom Pain na 2015.

A gaskiya, ta fuskar motsi babu wanda ya kama ƙafar waɗannan. Gudu, faɗawa ƙasa, jan ciki, saɓar mutum a kafaɗa, duk suna bin hannu ba gargada. A Phantom Pain, wanda ke faruwa a 1984 tsakanin Afganistan da iyakar Angola da Zayar, kai ke zaɓar ta inda za ka shiga sansani da lokacin da za ka shiga. Guguwar rairayi na rufe ka. Sojojin suna koyo: ka yawaita harbin kai su fara sa hular kwano, ka yawaita zuwa da dare su samo tabaran ganin duhu. Ba ka ma jin abin da suke faɗa sai ka samo tafinta, na Rashanci ko Fashto ko Kikongo.

Amma rada ta dawo ta bayan gida. Ka hau tudu ka sa madubin hangen nesa ka yi wa kowa alama, daga nan kana ganinsu ko ta bayan bango. In aka gan ka, lokaci ya lafa a ba ka damar harbi kafin a yi ihu. Wanda ka kwantar kuma ba sai ka wahala da ɓoye shi ba, ka ɗaura masa balan-balan ɗin Fulton ya tashi sama ya zama ma'aikacinka a sansaninka, Mother Base. Sai na tarar ina duban soja ina auna ko ya cancanci ɗauka, ba ina tsoronsa ba. Na shiga saiti na kashe alamomin da lafawar lokacin. Nan take wasan ya yi nauyi, ya yi daɗi, musamman Camp Omega na Ground Zeroes, sansani ɗaya tak cikin dare da ruwan sama, wanda a ganina ya fi yawancin sansanonin Phantom Pain tsari.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Aikin da ake kira Blood Runs Deep ya tsaya mini a rai. An turo ka mahaƙar ma'adinai ka kashe fursunoni, ka tarar yara ne da aka ɗora wa bindiga, sai ka fito da su ta cikin kwari, ɗaya a kafaɗarka saboda ba ya iya tafiya, sauran suna bin ka suna tsayawa in ka ce su tsaya. A wasan nan in ka kashe yaro, aikin ya rushe nan take. Mu da ke wannan yanki, da Zamfara a maƙwabtanmu, ba sai an yi mana bayanin ramin haƙar ma'adinai da yaro riƙe da bindiga ba. Ɗan yayata bai ce uffan ba har jirgi ya ɗauke su. Nan ne kaɗai a Phantom Pain na ji abin da na ji a dajin Snake Eater, cewa akwai ran da ke hannuna.

Sauran labarin a warwatse yake, yawancinsa a kaset-kaset da za ka saurara in ka ga dama, babi na biyu kuma cike yake da tsofaffin ayyuka da aka maimaita da ƙarin wahala. A shekarar da wasan ya fito Kojima ya bar Konami.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, zan naɗe wayoyi sai bayan Sallah. Inda nake a yanzu: Snake Eater a gaba, sashen jirgin ruwa na Sons of Liberty da Camp Omega suna biye, kuma na faɗa wa 'yan majalisa haka, masu Phantom Pain ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce na kashe wa wasansu kayan aikinsa sannan na yi masa hukunci, alhali Snake Eater ma na buga shi da kyamarar da ba ta cikin bugun farko. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don haka cikin faifan Subsistence zan koma tsohuwar kyamara ta sama in sake ratsa dajin a mataki mai wuya, in ga ko matsayin zai tsaya. Akwai kuma Peace Walker na 2010, inda aka fara gina Mother Base, da na huɗun da ke jiran in samu aron PS3. Ɗan yayata ya roƙi a bar masa memorin PS1 a hutun nan, yana so ya ratsa filin helikwafta na Shadow Moses ba tare da an bi sawunsa ba, na ce sai ya kawo mini sakamakon jarrabawarsa tukuna.